Mota Ta Cika

Duk Kirsimeti sai motar Dattijo Ɗanjuma ta cika kafin a zo kan Afiniki. Akwai wurin buhun shinkafa, akwai wurin jarkar mai da kwandon kaji, har akuyar da ake ɗaurewa a but tana da wurinta, amma wurin mutum ɗaya ya gagara. Haka za ta tsaya a bakin ƙofa, ita da ta ɗaure kayan da hannunta, ta yi musu Allah ya kiyaye hanya, su bar Gumel su nufi ƙauye can ƙasar Malumfashi. Ƙauyen nan nata ne kamar yadda yake nasu, kuma a can 'yarta take.

Afiniki ƙanwar Lai'atu ce, matar Dattijo, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu aka ce ta zo ta taya yayarta zaman jego, ko ta ɗan rage tunani. Ta bar 'yarta Damaris wurin Innarsu, yarinyar ba ta daɗe da yaye ba, da niyyar ana arba'in ta koma. Kafin arba'in ɗin ɓarin jikin Kaka Tabita, mahaifiyar Dattijo, ya shanye. Shi ke nan, an samu mai jinya a ɓagas. Jaririn da ta zo dominsa yanzu da ƙafarsa yake zuwa makaranta, ita kuwa tana nan kan tabarma a gindin gadon Kaka.

Ita ke ɗaga tsohuwar, ita ke wanke ta, ita ke juya ta don kada kwanciya ta yi mata gyambo. Kunu ma sai ta tallabe kanta a ƙirji ta karkata shi gefe, ta riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ta ƙware. Bayan Afiniki ya riƙe, in ta sunkuya sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Coci katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan, amma rabonta da shiga har ta manta, ta lasifika take jin sujada. In matan zumunta sun shigo dubiya sai ka ji suna cewa kai, Dattijo ya riƙe uwarsa, dubi tsohuwa fes-fes kamar amarya. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce duk alherin Ubangiji ne.

Ana cikin shirin Kirsimetin bana, Safiya maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga da waya a hannu. Matar Mannir ce, direban da ke ɗauko kaya da fasinja daga kasuwar Maigatari ya kai Kano. Tun da wayar Afiniki ta mutu ba a sake ta ba, ta Safiya ce hanyarta zuwa gida.

"Maman Damaris, Innarku ce."

Duk unguwar, Safiya kaɗai ke kiranta da wannan suna.

Muryar Inna ta tsufa ƙwarai. Ba ta ja gaisuwa ba, ta ce, "Iliya ya aiko. Zai zo bana, kuma zai kawo maganar yarinyar nan a taron dangi."

Iliya wan mijinta ne marigayi, ɗan sanda a Fatakwal. Taron dangi kuwa kowa a ƙauyensu ya san shi. Kashegarin Kirsimeti, bayan an ci an sha, manya kan zauna a tsakar babban gida su yanke duk maganar da ta taru a shekara. Abin da aka yanke ya yanku, kuma wanda bai zo ba ba shi da baki. Maraya in uwarsa ta tashi tsaye gaban dangi ta ce tana riƙe da ɗanta, babu mai taɓa shi. In ba ta nan, gidan uba ke da iko.

"Na kare ki bara, na kare ki bara waccan," in ji Inna. "Bana ƙafata ta ƙi, idona ma ya fara. Suna cewa kin yar da ita. Afiniki, ki zo ki tsaya da ƙafarki, in ba haka ba wallahi ba ni da abin cewa."

"Ba ni Damaris, Inna."

Aka yi ta lallashi a can kafin wata 'yar murya ta ce, "Anti, ina wuni," sannan aka ji gudun ƙafafu. Afiniki ta mayar wa Safiya waya.

Washegari ta jira aka gama addu'ar safe. Dattijo mutum ne mai daɗin murya, in ya kama addu'a har yara kan gyangyaɗa. Da aka ce amin ta matso ta durƙusa.

"Dattijo, ina da roƙo. Bana a taimaka a tafi da ni."

Ta faɗa masa komai. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Afiniki, Afiniki. Abin da ke damunki ƙarancin bangaskiya ne. Wa ya riƙe yarinyar nan duk shekarun nan, ke ce? Wanda ya riƙe ta zai ci gaba da riƙe ta. Ki dogara ga Allah."

"Na dogara, Dattijo. Amma doka ce sai uwa ta tsaya."

"Ni ba na wurin ne? Iliya yaro ne a gabana, in na yi magana wa zai ɗaga murya? Kuma ke ma ki duba, Kaka ba za ta iya wannan doguwar hanya ba. Wa za mu bar mata?"

"Ko Yaya ta zauna bana, sau ɗaya."

Fuskarsa ta ɗan canja. "Matar dattijon ikilisiya ba ta je gida Kirsimeti ba? Me kike so mutane su ce? Tashi ki je, na ji tsohuwa tana kira."

Ta samu yayarta a kicin tana suyar cincin, tulin da za a raba wa maƙwabta kafin a tafi. Lai'atu ba muguwa ba ce a fuska, tana da saurin hawaye, kuma ko nan sai da ta share ido da gefen zani.

"Ƙanwata, na ji komai. Amma kin san halinsa. Kuma ni da hawan jinin nan, in na ɗaga Kaka sau ɗaya ai sai a kwantar da mu biyu."

"To ku taho mini da ita, Yaya. Tabarmata ta ishe mu."

"Gidan nan kin ga wuri? Ki bari dai a wuce wannan, baɗi in Allah ya kai mu da kaina zan sa ki a mota."

"Haka kika ce bara."

Lai'atu ta juya cincin a kasko ba ta ɗago ba. "Ga atamfar anko can na sa an ɗinka miki, iri ɗaya da tawa. Kada ki ce ba a tuna da ke."

Ranar tafiya Afiniki ta ɗaure 'yan kayanta a leda ta ajiye bayan ƙofa, ko Allah zai taɓa zuciyar wani. Ta fito ta tarar kujerar baya, gefen taga, an ɗora wani kwali babba. Janareta ne sabo, Dattijo zai ba cocin ƙauye kyauta, an ma riga an sanar da fasto na can. Yara uku sun matsu a sauran wurin.

"Kin gani da idonki," in ji shi. "Ko allura ba ta da wuri. Aikin Ubangiji ne kuma, ba nawa ba."

Ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa daga bakin ƙofa, yana toshe hanci da dabara, ya ce Kaka sai mun dawo. Ya tara kowa a tsakar gida ya yi addu'ar tafiya, ya roƙa wa hanya, ya roƙa wa taya da birki. Afiniki ta ce amin tare da su, don ba ta san yadda ake ƙin cewa amin ba.

Gida ya yi tsit. Unguwar coci ma ta watse, don a Gumel yawancin Kirista baƙi ne, ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa Kirsimeti gida yake yi. Ba ta da wadda za ta roƙa cikin matan zumunta. Ta wuni tana aiki kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙirji, in ta zauna sai ta tashi, in ta tashi ta rasa abin da ta tashi yi.

Jajibirin Kirsimeti Safiya ta shigo da kanta, tana tafe tana dafe da ƙugu, don cikinta ya tsufa sosai.

"Maman Damaris, baban yara zai tafi Kano yanzu, ya ce akwai wuri a gaba. Daga can ki hau ta Malumfashi, ya ce zai sa ki a hannun wanda ya sani. Tsohuwar nan uwa ce, ni zan zauna da ita."

"Safiya, a wannan halin naki?"

"Ke dai ɗauko kayanki. 'Ya fa ake magana."

Afiniki ba ta san lokacin da ta zura atamfar ankon ba. Ta nuna wa Safiya inda tsummokara suke, ta nuna mata maganin safe da na yamma, ta dama kunu ta miƙa mata cokali. A waje Mannir ya danna oda. Ta durƙusa gaban gado ta ce, "Kaka, zan je in dawo." Tsohuwar ta bi ta da idonta mai kyau guda ɗaya.

Ta kai zaure ke nan ta ji Safiya ta ƙwala mata kira. Da gudu ta koma. Kaka ta ƙware, kunu na fita ta hanci, ido ya juye, jikinta ya zame ya karkace a bakin gado. Safiya na ta ƙoƙarin ɗago ta, abin ya fi ƙarfinta, tana salati tana haki. Afiniki ta yar da leda, ta sa hannu ta ɗago tsohuwar ta kifa ta a kafaɗarta, ta yi ta bubbuga bayanta har numfashi ya dawo da wani irin gurnani. Kashi ya ɓata zanin gado, ya ɓata sabuwar atamfa.

Suka dubi juna, ita da Safiya. Ɗagawar nan ba sau ɗaya ake yinta a wuni ba, kuma ba aikin da za a kira namijin maƙwabta ya yi ba ne.

Mannir ya sake danna oda, ya turo a ce masa yaya ake ciki, fasinja sun fara mita. Safiya ta fita ta ce ya tafi.

Kaka ta motsa karkataccen bakinta. Sai da Afiniki ta kai kunne sannan ta ji. "Tafi," take cewa. "Tafi."

"In tafi in bar ki wa, Kaka?"

Hawaye ya gangaro daga idon tsohuwar ya shige kunnenta. Afiniki ta share mata, ta tashi ta ɗora ruwan wanka. A gindin murhu ta yi kukanta, kuka mai cin rai, irin wanda ba ya rage komai. Ta ce, "Ya Ubangiji, ka ga dai ban bar ta ba. Kai ma kada ka bar mini tawa." Iyakar addu'ar da ta iya ke nan.

Ranar Kirsimeti ta dafa shinkafa 'yar kaɗan, ta kai wa Safiya kwano. Kashegari tun da hantsi take manne da katanga suna kiran lambar Lai'atu. Tana shiga, ba a ɗauka. Ta Dattijo a kashe. Ta Inna, wadda take ta wani ɗan maƙwabta ce, aka ce ba ya kusa. Har rana ta faɗi babu wanda ya kira, haka washegari, haka wanda ya biyo.

Sai bayan sabuwar shekara motar ta dawo, ta fi tafiya nauyi. Dawa, gyaɗa, daddawa, kabewa biyu a kujerar da janareta ya zauna. Afiniki ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen taga, ko da ta san babu dalilin leƙawa. Yara suka fito suna ba ta labarin wasan da aka yi a coci. Lai'atu ta wuce ciki da sauri tana cewa kanta na ciwo. Dattijo ya ce a fara sauke kaya tukuna.

Ta sauke. Ta kai masa ruwa. Sannan ta tsaya, wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Dattijo, ina Damaris?"

"Zauna mana, Afiniki. Albishir na kawo miki, in kina da idon gani." Ya kurɓi ruwa. "Allah ya buɗe wa yarinyar nan ƙofa. Iliya ya tafi da ita Fatakwal. Makaranta mai kyau, ɗaki mai fanka, matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, za ta riƙe ta kamar ƙwai. Ke me za ki iya yi mata a nan?"

"Ka ce za ka yi magana."

"Na yi. Suka ce ina uwar, na ce hidima ta riƙe ta a Gumel. Ƙarya zan yi a gaban dangi? Daga nan kuma doka ta yi aikinta. Mu muna shiri, Ubangiji yana nasa. Ki gode masa, kada ki zama mai gunaguni."

Ya miƙe ya ce zai je ya gai da fasto.

Ta tarar da Lai'atu kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Yaya, kina wurin?"

"Ina wurin."

"Nono ɗaya muka sha. Da kin tashi kin ce ƙanwata tana riƙe da 'yarta, ni ce shaida, da ba za su saurare ki ba?"

"Inna ta ce in tashi. Na yunƙura, ya kalle ni."

"Kallo kawai?"

Lai'atu ta tashi zaune, ido jawur. Gajiyar hanya ce ko kunya, oho, amma abin da aka daɗe ana rufewa da addu'a ya fito tsirara.

"To in an bar miki ita fa? Inna ta gaza, dole ki koma ki riƙe ta. Mu kuma wa zai riƙe mana Kaka? Ni zan bar aikina, ko shi? Ki yi mana adalci mana, Afiniki."

Afiniki ta daɗe tana kallon yayarta. Ta so ta yi ihu, ta so ta fasa wani abu, amma daga ɗaya ɗakin ta ji tarin Kaka, kuma tun azahar ba a juya ta ba. Ta fita.

Ranar Lahadi aka yi sujadar godiya ta sabuwar shekara. Gidan duka suka fita cikin anko, aka bar ta da tsohuwa. Safiya ta samo lambar Iliya ta hannun Inna, ta miƙo waya ta katanga ta koma gefe don ta ba ta wuri. Matar Iliya ce ta ɗauka, ta gaisa a daƙile, ta ce suna shirin fita ne amma ga ta.

"Damaris, ni ce. Ni ce mamanki."

Can yarinyar ta ce, "Anti, ina kwana."

"Kina cin abinci? Ba kya jin tsoro? Zan zo in gan ki, kin ji, zan zo."

"An saya mini takalmi," in ji yarinyar. Sai ta juya ta yi magana da wani a can, sannan ta dawo. "Mama ta ce in kawo waya."

Layi ya katse.

Afiniki na tsaye da waya a hannu lasifikar coci ta yi ƙara, aka ce lokacin shaida ya yi, kuma Dattijo Ɗanjuma ne zai fara. Muryar nan tasa mai daɗi ta cika unguwa.

"'Yan'uwa, ku taya ni godiya. Mun yi doguwar tafiya mun dawo, ko taya ba ta yi faci ba. Mun bar gida, mun bar tsohuwa marar lafiya, ba mu bar su a hannun kowa ba sai hannun Allah. Mun dawo mun tarar da ita ta fi yadda muka bar ta. Wanda ya dogara ga Ubangiji ba zai ji kunya ba."

Jama'a suka ɗauki amin, mata suka rangaɗa guɗa, aka buga ganga.

Ni dai ban ce Allah bai tsare gidan nan ba. Amma akwai masu cewa sun bar wa Allah, alhali wuyan wani bawansa suka samu suka rataya kayansu, suka hau mota. Kuma sun san wanda suke zaɓa: wanda tsoron Allah ba zai bar shi ya sauke ya gudu ba. A coci cike da mutane ranar nan, babu wanda ya ɗaga hannu ya tambayi wa ya ba tsohuwa kunu.

Safiya ta karɓi wayarta, ta riƙe hannun Afiniki ta saman katanga ba ta saki ba. "Maman Damaris," ta fara cewa.

"Daina kirana haka," in ji Afiniki a hankali. "Wata take kira Mama yanzu."

Ta zare hannunta ta koma ɗaki, don lokacin juya Kaka ya yi.